Furen Kameliya da Darasin Ƙungiyar Masu Lambu: Nazari Daga Ƙasar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata shuka da ake kira kameliya, da irin ƙungiyoyin da masu sha'awarta suka kafa a ƙasashen waje, sa'an nan a duba abin da manoman rani na Kura da Bunkure za su iya tsinta daga ciki. Mai yiwuwa ne a ga kamar babu abin da ya haɗa furen ƙawa da mai noman tumatir. Amma idan aka bi maganar a hankali za a tarar da dangantaka ta fuska biyu, wato ta shukar kanta da kuma ta hanyar adana ilmin shuka.

Asalin Kameliya

Kameliya ƙaramar itaciya ce mai ganye kore shar, wanda ba ya kaɗewa rani da damina. Asalinta daga gabashin Asiya ne, musamman Sin da Japan. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya tabbatar mata da wannan suna a 1753, don tunawa da Georg Kamel, wanda ya yi nazarin tsirrai a tsibiran Filifin. Furenta yakan zo fari ko ja ko ruwan hoda, kuma yana buɗewa ne a lokacin sanyi, sa'ad da yawancin furanni suka ƙare. Wannan ne ya sa Turawa suka ɗauke ta da daraja tun da ta isa Ingila a ƙarni na 18.

Bahaushe ya san 'yar'uwarta ko da bai san sunanta ba, domin ganyen shayi daga wani nau'in kameliya ake tsinkarsa. Ke nan duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Kura ya ɗanɗani wannan dangi. A Nijeriya ana noman shayi a Kakara, a kan tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, inda tudu ya haura mita 1,500, ga sanyi ga yawan ruwan sama.

Dalilin da Ya Sa Ba Ta Jure Ƙasar Kano

Kameliya tana bukatar abu huɗu: ƙasa mai ɗan tsami wadda ba ta riƙe ruwa, inuwa mai sauƙi, iska mai laima, da sanyi matsakaici. Saiwoyinta ba sa nitsewa can ƙasa, saboda haka da zarar saman ƙasa ya bushe sai ta galabaita. A ƙasar Kano kuwa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba, zafin bazara yakan kai digiri 40, kuma lokacin da ya kamata ta yi fure shi ne lokacin hunturu, wanda busasshiyar iskarsa take kakkaɓe toho tun bai buɗe ba. Ban ruwa yana jiƙa ƙasa, amma ba ya jiƙa iska. Don haka wanda ya sayo dashenta ya kafa a Bunkure, wahala kawai zai sha.

Yadda Ƙungiyoyinta Suke Aiki

Saboda wuyar renonta ne masu sha'awarta suka ga ba mai iya wa shi kaɗai. A Amurka an kafa ƙungiyar kameliya ta ƙasa a 1945, aka kuma kafa ta duniya a 1962. Ƙarfinsu yana ga ƙananan rassa na gari da unguwa. Aikin reshe bai wuce huɗu ba. Na farko, a haɗu a kan lokaci, kowa ya faɗi abin da ya gwada. Na biyu, a yi musayar iri da reshen dashe. Na uku, a rubuta sunan kowane iri da halinsa, don kada ya ɓace ko a rikita shi da wani. Na huɗu, a yi baje koli sau ɗaya a shekara, inda sabon shiga yake koyo daga tsohon hannu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar kuɗi mai yawa.

Lambu a Kura da Bunkure

Noman lambu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Kalmomi irin su fadama da garka da jigo da komi shaida ne cewa an daɗe ana ban ruwa kafin zuwan inji. Abin da ya sauya shi ne girman aikin. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974. Daga can ruwa yake gangarowa ta Ruwan Kanya, ya bi babbar hanyar ruwa, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam ba tare da famfo ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi kula da shirin. A Kadawa kuma akwai tashar bincike ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Da haka yankin ya zama matattarar shinkafa da alkama da tumatir da albasa.

Manoman yankin suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aikinsu ya shafi rabon ruwa, da yasar hanyoyinsa, da tara kuɗin gyara. Wannan aiki ne mai muhimmanci, amma ya fi karkata ga ruwa fiye da ilmin shuka. Shi ilmin yana nan a kan tsofaffin masu lambu, waɗanda suka san wane irin albasa ne yake jure ajiya, da lokacin da auren mangwaro yake kamawa. Matsalar ita ce yawancinsa da baki ake riƙe shi, idan mai shi ya kau sai ya tafi da abinsa. A 2016, lokacin da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir na wannan yanki, an ga yadda annoba take riga labari isa gona. Wurin da maƙwabta suka saba zama su kwatanta abin da suka gani a ganye, nan ne ake saurin farga.

Abin da Ya Dace a Shuka

Idan kameliya ta gagara, ba a rasa madadinta ba. Kariya tana jure fari, tana kuma yin fure ja a tsakiyar rani, sai dai ruwan jikinta dafi ne, dole a kiyaye yara da dabbobi. Lalle yana da fure mai ƙanshi, ga ganyensa abin sayarwa. Zogale shinge ne kuma abinci. Mangwaro da gwaiba da lemo masu aure suna ba da inuwa da 'ya'ya a gefen gona. Ƙungiyar da ta ɗauki waɗannan za ta haɗa ƙawa da amfani, wanda shi ne ya fi dacewa da halin Bahaushe game da shuka.

Kammalawa

Tushen irin wannan ƙungiya yana cikin al'ada tun tuni, domin mutanen da suka san gayya da adashi ba sa bukatar a koya musu haɗa kai. Abin da ya rage shi ne littafin rubuta abin da aka gwada, da ranar haɗuwa tsayayya. A nan ne ɗalibai da ma'aikatan gwamnati suke da rawar takawa. Ɗalibi yana iya zama da tsohon mai lambu ya rubuta sunayen iri da hanyoyin renonsu da Hausa. Malamin makaranta yana iya ware fili a harabar makaranta don renon dashe. Malamin gona kuma shi ne gada tsakanin Kadawa da bakin komi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ilmin lambu ma haka yake: sai an taru a kansa yake tsira daga mantuwa.