Shirun Mai Gadi: Faɗakarwa Kan Gyaran Littafin Bayanin glibc

Malamanmu na da, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu suna kwafar littattafan fiƙihu da nahawu da alƙalamin kara, ba su ɗaukar littafi ya kammala sai an yi masa muƙabala, watau mutum biyu su zauna, ɗaya riƙe da asali, ɗaya riƙe da kwafi, ana karantawa ana dubawa. Domin sun san ɗigo guda in ya kauce yana iya juya ma'ana, kuma ɗalibin da zai zo bayan shekara hamsin ba shi da wanda zai tambaya sai takarda. Wannan ladabi na ilmi shi ne ya sake zama wajibi a kan masu rubuta manhajar kwamfuta, kuma akwai wata mas'ala tasu da ta isa misali.

Kowace manhaja, yayin da take aiki, tana bukatar gurbi a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta inda za ta ajiye bayanai. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970, ana neman gurbin da umarnin malloc, a mayar da shi da umarnin free. Wanda ke wannan rabo a galibin kwamfutocin da ke tafiya a kan Linux shi ne glibc, taskar ayyuka ta shirin GNU, kuma tsarin rabonta ya samo asali ne daga aikin Doug Lea da Wolfram Gloger. Matsayinta kamar na sarkin kasuwa ne, wanda ke ba kowa rumfa, yana riƙe da lissafin iyakoki. Sai dai ita tana rubuta lissafin nata a jikin rumfunan, dab da kayan mutane, ta yadda duk wanda ya wuce haddinsa, ko da da taƙi guda, to, ya taka lissafin.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne: manhaja ta rubuta fiye da gurbin da aka ba ta, ko ta mayar da gurbi ɗaya sau biyu, ko ta ci gaba da amfani da abin da ta riga ta mayar, ko ta karɓa ta ƙi mayarwa har ƙwaƙwalwa ta cika. Sharrin irin wannan aibi shi ne ba ya bayyana a inda aka yi shi. Yana iya kwanciya sa'o'i kafin manhajar ta faɗi a wani wuri dabam, kuma ta irin wannan kafa ce ɓarayin intanet suka sha shiga. Saboda haka aka tanadi masu gadi. Akwai MALLOC_CHECK_, wanda in an kunna shi yana kama mayarwa sau biyu da ƙananan ƙetare iyaka. Akwai MALLOC_PERTURB_, wanda ke cika gurbi da wata lamba da gangan domin asirin mai dogara da tsohon abu ya tonu. Akwai kuma mtrace, mai bin sawun abin da aka karɓa ba a mayar ba.

To, shekaru da yawa bayanin MALLOC_CHECK_ a bayyane yake: in an ba shi 0 ya kau da kai, in 1 ya buga gargaɗi a ci gaba, in 2 ya tsayar da manhaja nan take, in 3 ya haɗa gargaɗi da tsayarwa. Daga baya hukuncin ya sauya. A 2017 masu kula da glibc suka ga cewa barin manhaja ta ci gaba bayan lissafinta ya lalace haɗari ne, sai suka mai da tsayarwa ita ce ƙa'ida; a shekarar kuma aka shigo da wata sabuwar hanyar saiti, GLIBC_TUNABLES. Sa'an nan a watan Agusta na 2021, da fitowar siga ta 2.34, aka cire MALLOC_CHECK_ da makamancinsa mcheck da mtrace daga cikin babbar taska, aka mai da su wata ƙaramar taska mai suna libc_malloc_debug.so, wadda sai an ɗora ta da saitin LD_PRELOAD kafin su yi aiki.

A nan ne mas'alar take. Wanda ya bi tsohon bayani a kan sabuwar siga, ya kunna MALLOC_CHECK_ bai ɗora ƙaramar taskar ba, babu abin da zai gaya masa cewa ƙarin binciken da ya nema bai gudana ba. Manhajarsa za ta iya gama aiki lami lafiya, shi kuwa ya ɗauki shirun nan shaida ce ta inganci, alhali kuwa mai gadin da ya dogara da shi bai ma zo bakin ƙofa ba. Da ba a ba shi bayani sam, da ya zauna cikin shakka, shakka kuwa takan sa mutum ya ƙara bincike. Amma bayanin da ya tsufa ya ba shi yaƙini na ƙarya, wanda malamai ke kira jahilci murakkabi, mutum bai sani ba, kuma bai san bai sani ba.

Saboda haka gyaran irin wannan bayani yana da sharuɗɗa. Na farko, muƙabala: mai gyara ya ɗauki asalin rubutun manhajar a matsayin hujja, ya gwada saitin da hannunsa, kada ya wadatu da abin da ya ji. Na biyu, ya bayyana tarihin hukunci, ya ce daga siga kaza abu kaza ya fara, domin glibc tana fitar da sabuwar siga sau biyu a shekara, alhali kwamfutoci da yawa suna nan a kan tsofaffi, kuma tsohon bayani a wurinsu gaskiya ne. Share shi baki ɗaya wani kuskuren ne. Na uku, ya ambaci togaciya, kamar yadda ba a kula saitin a manhajoji masu ikon musamman saboda tsaro. Na huɗu, ya bi gyaran duk inda maganar ta zo, domin littafin glibc dabam yake da shafukan bayani na Linux, waɗanda Michael Kerrisk ya kula da su shekaru da yawa daga 2004.

Aiki ne da ba a cika yabon mai yinsa ba, sau da yawa jimla biyu ce ko uku ake sauyawa. Amma tun da taskar a buɗe take, kowa na iya aika gyara a duba, duk wanda ya ga saɓani tsakanin rubutu da aiki, ko a Kano yake ko a Damagaram, amana ta hau kansa. Domin akwai wani da zai buɗe shafin nan da tsakar dare, manhajarsa na faɗuwa, ba shi da wanda zai tambaya sai abin da aka rubuta.