Gina Horon Ma'aikatan Jami'a Bisa Gwanintar Aiki

Abagayawa, maƙeran da tarihin Kano ya ce sun taso daga Gaya zuwa Dala neman tama, a bakin maƙera suka gadar da sana'arsu. Haka ya kamata a tsara horon ma'aikatan jami'o'i irin ta Wudil, maƙwabciyar Gaya da Ajingi. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙaro digiri, amma digiri kaɗai ba ya koyar da tsara jarrabawa ko adana sakamako. Da farko a tantance gibin kowane ma'aikaci, sannan a haɗa shi da gwani ya yi aikin a gabansa, daga ƙarshe a auna shi da abin da ya iya. In an yi sakaci, ɗalibi ke kwana ciki.