Haƙorin Yaro Ya Fi Ƙarfe Cike Giɓinsa

Idan yaro ɗan shekara goma ya faɗi daga keke ya rasa haƙorin gaba, wanda ya fito masa bayan famfara, wani ba zai sake tsirowa ba. Da babba ne, sai likita ya kafa masa ƙusar ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi ya ɗora haƙorin roba. Yaro kuwa ba a yi masa haka, domin ƙarfen mannewa yake da ƙashi ya tsaya cak, muƙamuƙin na girma, sauran haƙora na ci gaba da fitowa, har a wayi gari na ƙarfen ya nutse cikin dasashi.

Shi ya sa dabarar da likitoci biyu na birnin Oslo a Norwe, Slagsvold da Bjercke, suka inganta ta cancanci kulawa. A bakin yaron ake ciro ɗaya daga cikin ƙananan matauna da ke bayan fiƙa, a dasa shi a gurbin wanda ya faɗi, daga baya a gyara siffarsa ya yi kama da na gaba. Sirrin yana ga wani siririn tantani mai rai da ke lulluɓe da saiwar. Kamar dashen tumatir ne, in an ciro da ƙasarsa sai ya kama. Tantanin kan gina sabon ƙashi, haƙorin ya girma tare da mai shi. Lokaci ma yana da muhimmanci: an fi so saiwar ta kai rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na tsawonta, bakinta bai rufe ba, don jijiyoyin jini su sake shiga. A 1990 Jens Andreasen na Kopenhagen ya wallafa sakamakon dashen haƙora 370, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 sun zauna.

Mai musu zai ce ai an toshe giɓi ne da buɗe wani. Da gaskiyarsa, amma yara da dama haƙoransu a cunkushe suke, dama ana cire irin wannan mataunin kafin a sa wayar daidaita haƙora, kuma wayar ce ke rufe gurbin baya. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne aikin na iya lalacewa: in hannun likita ya ƙuje tantanin, saiwar kan zaizaye ko ta manne da ƙashi. Ko da hakan ta faru bayan shekaru, sau da yawa dashen ya riga ya riƙe ƙashin wurin bai shanye ba, yaron ya kai girman da za a iya kafa masa ƙarfen.