Ko Kun Sani?

Akwai wani ɗan ƙwaro mai cin ganye da tsutsarsa ke kayar da raƙumin dawa. Masana sun sa wa zuriyarsa suna Diamphidia, reshe ne na babban dangin Chrysomelidae mai nau'i sama da 35,000. Fitattu a zuriyar su ne nigroornata da femoralis da vittatipennis, kuma abincinsu ganyen itatuwan dangin dashi ne, dashin nan dai da ake shinge da shi a ƙasar Hausa.

Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta gangara, ta nutsa cikin yashi, ta naɗe kanta cikin ƙwanso. Tana iya yin shekaru a haka.

Nan maharban San na hamadar Kalahari, a Namibiya da Botswana, ke tono ta. Sukan matse ruwan jikinta mai dafi a kan kibiya, can bayan tsini, don kada mai ita ya karce kansa ya jawo wa kansa salalan tsiya. Dafin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ne sannu a hankali, don haka maharbi kan yini yana bin sawu, wani lokaci har ya kwana, kafin dabbar ta faɗi.