Daga Yawunde Zuwa Kasuwar Maiganga: Ta Wace Hanya Sabuwar Doka Ke Iso Mana?

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ngawundare zuwa Maiganga, ko mai kai shanu kasuwar Ngawi da ke bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, ya san wannan magana ta bakin shinge: doka ta canza. Sau da yawa a nan ne muke fara jin labarin, alhali kaya na kan mota, direba na jira, kuma babu damar gardama. To amma kafin doka ta iso bakin jandarma ko ma'aikacin duwan, akwai hanyar da take bi, kuma wanda ya san hanyar ba kasafai ake yi masa ba-zata ba.

Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ce idan majalisa ta amince da doka, shugaban ƙasa na da kwana 15 ya sa mata hannu, sannan a buga ta a jaridar hukuma, wato Journal Officiel, cikin Faransanci da Ingilishi. Wannan jarida ba irin wadda yara ke talla a tasha ba ce, mafi yawanmu ma ba mu taɓa riƙe ta ba. Shi ya sa a ƙarshen kusan kowane umurnin shugaban ƙasa za ka tarar an rubuta cewa a bayyana shi ta hanyar gaggawa tukuna, daga baya a shigar da shi jaridar hukuma. A aikace, wannan na nufin a karanta shi a labaran gidan rediyon CRTV, musamman na ƙarfe 1 na rana da na 5 na yamma, kashegari kuma ya fito a Cameroon Tribune, jaridar gwamnati da ake bugawa tun 1974. A yau ana kuma saka takardun a shafukan intanet na fadar shugaban ƙasa da na ma'aikatu.

Da zarar an yi haka, a wurin hukuma kowa ya ji. Ko kana Garwa, ko kana rugar da ke bayan Johong, ba za a karɓi uzurin cewa ba ka jin Faransanci ba.

Wani lokaci tsakanin sanarwa da fara aiki bai wuce dare ɗaya ba. Ranar 31 ga Janairun 2023 aka karanta sanarwar ofishin firayim minista cewa litar esansi ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, gazuwal kuma daga 575 zuwa 720, daga 1 ga Fabrairu. A Fabrairun 2024 aka sake yi, esansi ya koma 840, gazuwal 828. Wanda ya yi cinikin kuɗin mota da yamma, ya wayi gari direba na neman ƙari, kuma direban na da gaskiyarsa.

Amma ba kullum laifin gaggawa ba ne, kuma labarin leda ya ishe mu misali. Ranar 24 ga Oktoban 2012 ministan muhalli da na ciniki suka sa hannu a kan ƙudurin hana shigowa da sayar da leda maras kauri, wadda ba ta wuce mikron 60 ba, irin wadda muke ƙulla sukari da gishiri da man gyaɗa a ciki. An ba da wa'adin wata 18 domin kowa ya sayar da abin da ya tara. Wata 18 lokaci ne mai yawa, ya isa mutum ya juya jarinsa sau da dama. Sai dai takardar ta yi zamanta a Yawunde, nisan fiye da kilomita 600 daga nan, cikin harshen da masu tallar leda ba su karantawa. Da wa'adi ya cika a Afrilun 2014 aka shiga kasuwanni ana kama kaya, a lokacin ne da yawa suka fara tambayar mene ne mikron. Mu dai a ganinmu, wa'adin da ba a fassara wa mutum ba, ba shi aka bai wa ba.

Ba kowace takarda ce doka ba, kuma a nan ne ake yawan ruɗa mu. Akwai dokar majalisa, ƙasa da ita akwai umurnin shugaban ƙasa ko na firayim minista, sai ƙudurin minista, sai na gwamna, na firefen Mbere, na sufurefe, har zuwa na magajin gari mai tsayar da kuɗin rumfa. Na ƙasa ba shi da ikon saɓa wa na sama. Kowannensu kuma na ɗauke da lamba, da kwanan wata, da sunan wanda ya sa hannu. Takardar da ke yawo a WhatsApp ba lamba ba sa hannu, a yi hattara da ita. Haka nan idan aka ce maka an ƙara wani kuɗi, tambayar lambar takardar cikin ladabi, da neman rasit, ba rashin kunya ba ne.

Sai batun shawarar doka tun tana tsanya. A Amurka akwai jaridar gwamnati mai suna Federal Register, tun 1936, inda hukumomi ke buga ƙa'idar da suke shirin kafawa, a bai wa jama'a lokaci, galibi kwana 30 zuwa 60, kowa ya aiko da ra'ayinsa. Mu a nan, shawarar doka majalisa take zuwa, wadda ke zama sau uku a shekara: Maris, Yuni da Nuwamba. Manyan 'yan kasuwar Duwala na da ƙungiyoyi da lauyoyin da ke bin kowane sakin layi. Mai shago a Maiganga fa, wa yake da shi?

Zaman Nuwamba shi ne namu, domin a cikinsa ake kawo dokar kasafin kuɗi, a sa mata hannu a Disamba, ta fara aiki 1 ga Janairu. A cikinta haraji da kuɗin duwan ke canzawa. Ta nan aka shigo da harajin aikawa da cire kuɗi ta waya a 2022, sefa 2 a kowace jaka, ta nan kuma tambur ya tashi daga 1,000 zuwa 1,500 a 2023. Duka biyun an yi muhawararsu a fili makonni kafin su same mu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa na Maiganga, Ngawi da Garwa-Bulai, su wakilta matashi ɗaya mai jin Faransanci da zai riƙa bin labaran majalisa daga tsakiyar Nuwamba, ya kuma riƙa leƙa allon sanarwa na ofishin sufurefe, da na meri, da na duwan. Abin da ya samo a karanta shi ranar kasuwa, da Hausa da Fulatanci da Gbaya. Gidajen rediyon al'umma kuma a shirye suke su fassara, muddin ofisoshin suka aiko musu da takardar a ranar da ta iso, ba bayan an fara kama kaya ba.