Ɗakin karatu na jama'a: na wane ne, kuma me ake samu a cikinsa?

Zuwa ga iyayenmu da 'yan uwanmu na Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, da waɗanda ke zaune tare da masu masaukinmu a ƙauyukan Gidan Runji.

A zaman da muke yi da shugabannin unguwanni da kwamitocin mata, maganar ɗakin karatu ta sha tasowa, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Wasu na tambaya ko sai mai takardar ɗan ƙasa ake bari ya shiga. Wasu sun ɗauka wata makaranta ce ta daban da za a sa yara. Akwai ma masu zaton wurin rajista ne, inda ake rubuta sunan waɗanda za a kai ƙasar waje. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a wannan fitowa. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

A Najeriya ana ce masa laburare, a nan Nijar za ku ji ana cewa bibiliyotek. Wuri ne da ake tara littattafai da jaridu, wani lokaci har da rediyo, kwamfuta da intanet, domin mutane su zauna su karanta ko su ara su tafi da su gida. Aron littafi ba baƙon abu ba ne gare mu. Malami yana da littattafansa a gafaka ko a akwati, yana ara wa almajirin da ya yarda da shi. A kasuwannin manyan garuruwanmu akwai masu ba da hayar littattafan Hausa, mace ta aika yaro da kuɗi, ta karanta kwana biyu ta mayar. Wasu makarantu ma suna da nasu ɗakin. Sai dai kowane cikin waɗannan yana da sharaɗin shiga: ko sanayya, ko kuɗi, ko zama ɗalibi. Ɗakin karatu na jama'a shi ne wanda aka cire masa waɗannan sharuɗɗa. Kuɗin gwamnati, ko na ma'aikatar magajin gari, ko na wata ƙungiya ne ke riƙe shi, ƙofarsa kuma ta kowa ce.

Wannan ba ra'ayinmu ba ne. A 1949 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa kan aikin ɗakunan karatu na jama'a, aka sabunta ta a 1994, aka sake sabuntawa a 2022. Abin da ta tsaya a kai shi ne a yi wa kowa hidima daidai, ba tare da duba shekarunsa, addininsa, harshensa, matsayinsa, ko mace ce ko namiji, ko ƙasar da ya fito ba, kuma asalin hidimar ta zama kyauta. Ku lura da maganar ƙasar da mutum ya fito, domin nan ne abin ya shafe mu. Ɗan gudun hijira daga Isa ko Sabon Birni ko Jibiya yana cikin jama'ar da ake nufi, muddin a wannan wuri yake zaune. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 17, ita ma ta nemi ƙasashe su ƙarfafa wallafa littattafan yara da yaɗa su.

Dattawanmu ba za su ji wannan sabo ba. Tun zamanin En'e an buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, inda ake ajiye jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara. A 1953 kuma UNESCO ta yi babban taro a Ibadan kan yadda za a kafa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. A nan Nijar, wasu garuruwa suna da cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC, tsarin da aka fara a ƙasar Benin a 1986 domin ƙananan garuruwa, sannan akan sami littattafai a gidajen matasa da al'adu.

Mun san abin da ke ran wasunku, domin an faɗa mana a fili: mai jin yunwa ina ruwansa da littafi? Maganar tana da gaskiya, kuma ba za mu rufe ta ba. Ɗakin karatu ba ya maye gurbin hatsi, ba ya maye gurbin famfo ko likita, kuma duk wanda ya ce muku a rage abinci don a sayi littafi bai san halin da ake ciki ba. Amma mu dubi tsawon zaman. Waɗanda suka tsallako iyaka a 2019 sun zo ne da tunanin wata biyu ko uku. Jaririn da aka goyo a lokacin yau ya isa shiga aji. Agajin gaggawa yana tsare rai, amma ba ya cika yinin saurayin da ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da makaranta, wanda kuma masu neman ɓata shi suka san inda yake zama. Irin wannan tunani ne ya sa wata ƙungiyar Faransa mai suna Bibliothèques Sans Frontières, wato ɗakunan karatu marasa iyaka, ta ƙera ɗakin karatu a cikin akwatuna bayan aikin da ta yi a Haiti lokacin girgizar ƙasa ta 2010. Ana ɗora akwatunan a mota, a buɗe su cikin ɗan lokaci, sai ga littattafai, kujeru, kwamfutoci, majigi da janareta. An fara amfani da su a 2014 a Burundi, a sansanonin 'yan gudun hijirar Kwango, tare da hukumar HCR. A Kenya ma, tun 1996, raƙuma ne suka riƙa kai wa makiyaya akwatunan littattafai a yankin Garisa. Ke nan ba gini ne ke yin ɗakin karatu ba.

A wurinmu mu masu aikin kariya, babban amfanin wannan wuri shi ne labari na gaskiya. A sansani ji-ta-ji-ta tana da ƙafa. Da safe a ce za a daina rabo, da rana a ce an buɗe sunayen masu tafiya Kanada, da yamma wani ya zo da takarda mai hatimi ya ce a ba shi jaka goma ya sa sunanka. Yawancin takardun hukuma a nan da Faransanci ake rubuta su, mu kuwa waɗanda suka yi boko a cikinmu da Ingilishi suka yi. Wannan giɓi shi ne gonar macuta. Ɗakin karatu mai aiki yadda ya kamata yana da allon sanarwa, yana da ma'aikaci ko ɗan sa-kai da zai karanta maka takarda ya fassara, ya nuna maka ofishin da ya dace ka je. Ba shi ne ke yanke hukunci a kan takardunka ba. Ba ya ba da katin ɗan gudun hijira, ba ya sa suna a rabon abinci, ba ya tura kowa ƙasar waje. Amma kafin ka dangwala yatsa a kan takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba, akwai inda za ka kai ta a karanta maka ba tare da an nemi ko dala ba. Muna sake tunatarwa, kamar kullum: duk hidimar HCR da abokan aikinta kyauta ce.

Sai yara. Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira, a sashe na 22, ta ce a ba ɗan gudun hijira ilimin firamare daidai da ɗan ƙasa, kuma 'ya'yanmu suna zaune a aji ɗaya da 'ya'yan masu masaukinmu. Amma yaron da ya kai aji huɗu a Zamfara da Ingilishi, ya zo nan ya tarar mushe yana magana da Faransanci, ya koma kamar bai taɓa shiga aji ba. Wasu kunya take sa su daina zuwa. A aji malami yana da yara masu yawa da manhajar da zai gama, ba zai iya tsayawa kan mutum ɗaya ba. A ɗakin karatu babu jarrabawa, babu bulala, babu wanda zai yi wa ɗan shekara goma sha uku dariya don ya ɗauki littafin hotuna na 'yan aji ɗaya. Yana iya maimaita shafi ɗaya sau goma. Mai shirin jarrabawar BEPC kuma, wanda a gida ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannensa biyar, yana samun teburi da haske da shiru, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

A nan muna da ra'ayi, kuma za mu faɗe shi. Yawancin littattafan da ake kawowa kyauta daga Turai ne, labaransu na dusar ƙanƙara ne da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Ba mu raina su ba, suna koyar da harshe. Amma yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake mafarki da shi, kuma wanda ya iya karanta Hausa ya riga ya san yawancin haruffan da zai tarar a Faransanci. Saboda haka haƙƙinku ne ku nemi a kawo littattafan Hausa, ku ambaci sunayensu. Akwai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sahunsa har cikin hamada, wanda ba sai an yi wa kowa a cikinmu bayaninsa ba. Idan kuka ga littafin Hausa da aka buga a Nijar an rubuta ƴaƴa maimakon 'ya'ya, ba kuskure ba ne, haka ƙa'idar rubutun nan take.

Wanda bai yi boko ba fa? Shi ma wurinsa ne. Da yawa cikin iyayenmu da ake rubuta wa "bai iya karatu ba" a takarda suna karanta Alƙur'ani, suna rubuta wasiƙa da ajami. Ɗakin karatu na gari yana da lokacin karatu a bayyane, yana da hira kan noma da kiwo da lafiyar yara, wasu suna da ajin yaƙi da jahilci. Iyaye mata sukan ce ba za su shiga su zauna cikin samari ba, kuma suna da hujja. Maganin wannan shi ne kwamitin mata ya nemi a ware musu rana ko sa'o'i, bayan an gama ɗiban ruwa da girki, a kuma yarda su zo da goyo. Haka masu naƙasa: idan ƙofar ba ta shiguwa da keke, a faɗa.

Akwai wani aiki da ba a cika tunawa da shi ba, wato ajiye tarihin mutanen wurin. Garuruwan da muka baro wasu sun zama kufai. Sunayen unguwanni, jerin masu gari, inda rijiya take, iyakar gonaki, duk suna cikin kan tsofaffi ne. Littafin rubutu ɗaya da matashi mai haƙuri sun isa a fara rubuta su. Sai dai a yi hattara: kada a rubuta sunan wanda bai yarda ba, kada kuma a rubuta abin da zai jefa waɗanda suka rage a gida cikin haɗari.

Ga wanda zai je karo na farko, ƙa'idoji sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma yawanci zama a karanta ba ya buƙatar komai. Mai son tafiya da littafi gida za a rubuta sunansa da unguwarsa, a faɗa masa ranar mayarwa. Wasu ɗakunan cikin gari sukan karɓi ɗan kuɗin katin shekara. Ku tambayi adadin, ku karɓi rasit. Ana iya duba takardarku ta gudun hijira don a tabbatar da suna, amma kada ku bar ta jingina a hannun kowa. Idan ruwan sama ya jiƙa littafi, ko gara ta ci, ko akuya ta yage shi, ku kai abin da ya rage ku yi bayani. Ba a taɓa katin abincin iyali saboda littafi, kuma tsoron haka kada ya sa ku hana yaro aro. Abin da mutum ya karanta ko ya tambaya sirrinsa ne, ba a kai rahotonsa. Idan wani ma'aikaci ya nemi kuɗi a ɓoye, ko ya nemi yarinya ko yaro su tsaya su kaɗai bayan an tashi, ku zo teburin kariya ko ku sa takarda a akwatin ƙorafi, ba za a bayyana sunanku ba.

Wurin kuma na haɗin gwiwa ne da mutanen gari. Sun ba mu fili, muna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, harshenmu ɗaya, da yawa ma dangi ne. Idan an kawo littattafai da sunan 'yan gudun hijira, 'ya'yansu su shigo. Idan na gari ne, namu su shiga.

Inda babu ɗakin karatu tukuna, abin da ake buƙata don a fara bai wuce akwatin ƙarfe mai murfi saboda gara da ɓera ba, da tabarma, da inuwa, da littafin rubuta sunan masu aro, da mutum biyu amintattu, mace da namiji, da za su riƙa buɗewa a ranakun da aka sani. Unguwar da ke da sha'awa ta tattauna a taronta, ta rubuta irin littattafan da take so da harshen da take so, shugaban unguwa ko shugabar mata su kawo mana takardar a zama na gaba, mu miƙa ta ga masu kula da ilimi.