Duwatsun Buem: Shaidar Tekun Da Ya Ɓace

Jama'a, da yawanmu mun sha bin hanyar Hohoe zuwa Jasikan, ba mu san tsohon gindin teku muke takawa ba.

Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa dā akwai teku tsakanin ɓangaren ƙasar da Kumasi take kai da wanda Nijeriya take kai. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ɓangarorin suka yi karo, tekun ya rufe, lakarsa da yashinsa suka tattaru sama, suka zama tsaunukan Akwapim, Togo da Atakora.

To, yaya aka gane? Yashin da ya gangaro daga gaɓa yakan kwanta hawa-hawa, tsakuwa a ƙasa, laka a sama. Can cikin zurfi kuwa sai lallausar laka, da narkakken dutsen da ya daskare cikin ruwa kamar matasan kai. Irin waɗannan duwatsu na yankin Buem su ke nuna inda gaɓar take.

Wannan ɗinki bai gama warkewa ba. Tsagar Akwapim na cikin abin da ake dangantawa da girgizar ƙasa a Akra, irin ta 1939. Saboda haka masu gini a Nima da Madina, mu kula da harsashi.